Kwikwiyon da Aka Yi wa Wankan Jego

Idan na tuna shekarar da na bar gida, ba motar da ta ɗauke ni nake fara gani ba. Tururi nake gani, yana tashi daga bayan ɗakin Inna da hantsi, rana tana ratsa shi, ga ƙamshin dafaffen ganyen darbejiya ya cika gidan, ga wani ɗan abu ja, jiƙe sharkaf, yana karkarwa a tafin hannuna. Sauran abubuwan sai na yi da gaske kafin su zo.

Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa ƙasa. Samarin ƙauyenmu, can wajen Kiyako, suna ta zarewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tafi aikin hanya, wancan ya tafi masaƙa a Kano. Yayyena maza sun riga sun tafi. Ni ma na samu aiki a tashar jiragen ruwa ta Ikko, aka ce in zo bayan kaka.

Baba yana da gona biyu. Ta kusa da gida ba ta da wata damuwa. Ɗayar tana can gindin dutse, nesa da gari, ita ce ya gada daga mahaifinsa, kuma dawarta ba ta da na biyu a yankin. Sai dai dutsen na birai ne. Da dawa ta fara fitar da kai suke saukowa, su da 'ya'yansu a goye, kamar masu zuwa biki. Baba yana da ƙarfin noma har lokacin, amma idonsa ya fara hazo. Ba ya ganin biri sai ya ji karyewar kara. Ni ne idonsa. Ina zaune a 'yar rumfar da muka kafa kan wani faffaɗan dutse, da majajjawa da gwangwani, tun daga fitowar rana har ta yi ja.

Inna da yayyena sun gama magana: idan na tafi, a ba da aron gonar gindin dutse, Baba ya tsaya a ta gida. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da na lura shi ne ya daina maganar baɗi. Mutumin da ko tuwo yake ci sai ya ce baɗi nan zan sa wake, can zan sa gyaɗa, sai ga shi ya yi shiru da wannan zance gaba ɗaya, kamar an ɗauke wa gida zakaransa.

Wata ranar da yamma, muna dawowa daga gona, ya ce da ni, "Akwai wani tsohon abokina a Basirka, mafarauci, yana kiwon karnuka. Na ji an ce karyarsa ta haihu. Ka kama jan zakaran nan, ka sayi goro, ka je ka ɗauko magajinka."

"Magajina, Baba?"

"To wa zai yi mini haushi in ka tafi?"

Na shiga motar katako ranar kasuwa, na sauka Gwaram, daga nan na samu mai babur ya ƙarasa da ni. Damina ta yi nisa, ƙasar duk ta yi kore shar, ruwa kwance a gefen hanya yana ɗauke da sama a cikinsa. Gidan mafaraucin yana ƙarshen gari. Tsoho ne siriri, mai murya ƙasa-ƙasa, karnukansa suna kwance a inuwa ba wanda ya ko ɗaga kai sai da ya yi gyaran murya. Ya karɓi zakara da goro, ya tambayi lafiyar Baba har sau nawa. Da na sa hannu a aljihu sai ya ɗaga mini yatsa.

"A'a, ɗana. Kare ba a sayar da shi. Zakara ya isa gaisuwa."

Ya kai ni wata bukka a bayan gida inda karyar take da 'ya'yanta a kan tsohuwar fatar akuya. Ya ɗauko fatar zomo ɗaure da igiya ya ja ta a ƙasa a gabansu. Duk suka bi ta a guje, suna tuntuɓe da juna, sai guda ɗaya, ja mai farin ƙirji, da ya tsaya a bakin bukkar, ya kafa ƙafafu, yana yi mini wani ɗan haushi da ko kaza ba zai tsorata ba.

"Ga naku nan," in ji tsohon. "Waɗancan na daji ne, suna bin abin da ya gudu. Wannan na gona ne. Shi wuri yake riƙewa."

Sai ya zaro wuƙa ya yanko guntun fatar akuyar da suke kwana a kai, kamar faɗin faifai, ya shimfiɗa ta cikin kwandon da na zo da shi, ya ɗora kwikwiyon.

"Ka ji ni da kyau. Wannan fatar warin uwarsa ce. Kada a wanke ta, kada a yar, sai ya manta da ita don kansa. In kuka raba shi da ita da wuri, ko dai ya bi hancinsa ya kamo hanyar nan kura ta cinye shi, ko ya kwanta ya ƙi abinci har ya tafi. Na ga duka biyun."

A motar komawa na rufe kwandon da tsumma na ɗora a cinya. Ba mu yi nisa ba na ji wani abu yana tafiya a ƙuguna. Can sai wata tsohuwa da ke kusa da ni ta fara sosa ƙafa, sai mai buhun barkono da ke gabanta, sai na kusa da shi. Tsohuwar ta dube ni ta dubi kwandon.

"Samari, me ka ɗauko mana a nan?"

"Saƙo ne, Iya."

"To saƙon naka yana rarraba kansa tun kafin a isa."

Ƙuma ce. Da na isa gida na kwantar da shi a rana na buɗe gashin cikinsa, sai na ga fatar tana motsi. Baƙaƙe, ƙanana kamar ƙwayar riɗi, suna gudu cikin gashi kamar mutane a kasuwa, in ka kai yatsa su ɓace.

A gidan kuwa akwai mai jego. Ƙanwata ta zo haihuwar fari, ta samu 'ya mace, an yi suna, tana cikin wanka. Safe da yamma Inna tana dafa ruwa a wata babbar tukunya a bayan ɗaki, da ganyen darbejiya a ciki, ta tsoma damin ganye ta riƙa fyaɗa mata. Gidan duk ya zama na jaririyar. Ana magana a hankali, ana daka a hankali. Cikin wannan hali na shigo da kwando.

Inna ta leƙa, ta ja da baya, ta dubi Baba.

"Malam, kare a gidan da ake jego?"

Baba ya ce, "Malamai sun yarda da na gona da na kiwo da na farauta."

"Na ji. A cikin ukun wanne ne na ɗakin mai jego?"

Aka shirya a kan zai zauna a gindin rumbu, can ƙarshen gida, ba zai kusanci ɗaki ko tukwane ba. Ƙarƙashin rumbun akwai sarari tsakanin duwatsun da ya hau, ga sanyi ga yashi mai laushi. Na shimfiɗa masa fatarsa a nan. Ya shinshina ta, ya zagaya, ya dunƙule ya yi barci.

Ba a jima ba, wata la'asar, ƙanwata ta shimfiɗa tabarma a inuwar da ke kusa da rumbun don jaririya ta sha iska. Da aka zo yi mata wanka sai ga jajayen ɗigo a cinyarta da bayan wuyanta, a jere, kamar an taɓa ta da bakin allura. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta kira ni da Baba ta nuna mana.

"Dangin mijin yarinyar nan za su zo ganin 'yarsu kafin a gama wanka. In suka zo akwai ƙuma ko ɗaya a gidan nan, ko na sake ganin irin wannan a jikin jinjirar nan, wanda ya kawo shi ya mai da shi. Gona kuma a ba da aro kamar yadda aka ce. Ban hana kowa son gonarsa ba, amma ba da jinin jikata ba."

Baba ya sunkuya ya kusantar da fuskarsa ga cinyar jaririyar don ya gani. Ya daɗe a haka. Ya ce, "Gaskiyarki."

Na fara da toka. Na tankaɗe ta na shafe shi da ita har ya zama fari kamar ɗan aljani, yana atishawa. Ƙumar ta zuba, na ji daɗi. Gari ya waye sau biyu, ta dawo. Wani maƙwabci ya ce in shafa masa kananzir, Baba ya ce ya taɓa ganin kwikwiyon da aka yi wa haka, fatarsa ta saɓule, kada in kuskura. Na gwada ruwan taba, ya yi ta layi kamar mashayi har na tsorata, ban sake ba.

Ƙanwata ce ta kawo shawarar. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno bayan an gama mata wanka, jikinta yana tururi, tana shan kunun kanwa, ta ce, "Yaya, ga ruwa nan ya rage a tukunya, kullum zubarwa ake yi. Darbejiya ko tunkiya ba ta ci. Ka bari ya huce ka tsoma shi mana."

Haka aka fara. Kowace safiya in an gama wa mai jego, sai in kwashi sauran ruwan a wani tsohon kasko, in kai bayan rumbu, in jira ya zama ɗumi. Ruwan kore ne mai duhu, ganye yana yawo a kai. In tsoma shi har wuya, in goga masa sabulun salo, in riƙe shi. Ƙumar sai ta gudo sama, ta taru a kansa da gefen idonsa, ni kuma in bi ta da wani tsohon mataji da ƙanwata ta ba ni, in tsoma a ruwa. Da farko yana kuka. Daga baya ya saba, har yakan lumshe ido, ya ɗora haɓarsa a babban yatsana. Ban san tsawon lokacin da nake ɗauka a wurin ba. Kurciya tana kuka a kan tsamiya, daga nesa ana jin ƙarar motocin masu zuba kwalta, kamar wata duniya ce take matsowa a hankali, ni kuwa ina tsugune ina tsefe kan kare.

Matan unguwa suka samu abin faɗa. In sun shigo barka sai su ce, "Ina masu jegon? Ta ɗaki da na gindin rumbu?"

Ƙanwata ta ce, "Na gindin rumbun ya fi ni samun kula. Shi har tsifa ake masa."

"To a dama masa kunun kanwa mana!"

Har Inna sai da ta yi dariya, ta rufe baki da gefen zane.

Amma ƙumar ba ta ƙare ba. In na fito da shi daga ruwa tsaf yake, in shanya shi a rana, in bincike shi gashi-gashi, babu ko ɗaya. Washegari in buɗe cikinsa, ga su nan, sababbi, ƙanana. Kamar daga jikinsa suke tsirowa. Na fara tunanin ko haka jininsa yake. Baba yakan zo ya tsaya a kaina, ba ya ganin abin da nake cirewa, sai dai ya ce, "Yau fa?" In ce, "Da sauƙi." Ya gyaɗa kai ya wuce. Mu biyun mun san amsar ba ta canzawa.

Bayan shekaru, aikin jirgi ya kai ni wurare. A Marsel, can ƙasar Turawa, na shiga wani kanti da ba a sayar da komai sai kayan karnuka, har da riguna da abin wuya mai magani. A Khartum na ga karnukan da ba na kowa ba suna birgima a ƙasa mai zafi da tsakar rana, su tashi su karkaɗe. A Abijan wata mata da na zauna a gidanta tana wanke nata da ruwan lemun tsami. Na tambayi mutane da harshensu, kowa da dabararsa, kuma duk wanda ya daɗe da kare abu guda yake ƙarewa da shi: ƙuma a jiki take ci, amma ba a jiki take kafa gidanta ba. Mu a lokacin kare kawai muke kallo, domin shi ne yake susa.

Inna ce ta gano, ita ma ba da niyya ba. Saƙo ya zo cewa baƙi suna tafe ranar Juma'a, sai ta shiga sharar gida lungu-lungu. Ta kai gindin rumbu ta sa tsintsiya ta jawo fatar akuyar. Ina daga nesa na ga ta tsaya. Ta aika ƙanwata ta kawo farar langa, ta kama fatar da bakin itace ta karkaɗe a kai. Abin da ya zubo kamar an barbaɗa gishiri da barkono. Fararen ƙwai, da baƙin gari, da wasu 'yan tsutsotsi sirara kamar zare suna lanƙwasa. Ta ɗiga ruwa a kan baƙin garin, ya narke ya zama ja.

"Ka gani? Jininsa ne. Kai kana wanke yaro kana mai da shi kan kashinsa."

Na gaya mata abin da mafaraucin ya ce, duk da ta riga ta sani, don a gabanta na faɗa wa Baba ranar da na dawo. Shi ya sa ba wanda ya taɓa fatar. Ko shara ake yi sai a zagaye ta, kamar wata laya.

Aka kira Baba. Ya tsuguna, ya shafa fatar da hannu, ya kai ta kusa da hanci. In an bar ta, ƙuma ba za ta ƙare ba, kare zai koma Basirka. In an ƙone ta, mai karnuka ya faɗi abin da zai biyo baya, kuma ba mutum ne mai faɗin abin da bai gani ba. Baba ya juya fatar sama da ƙasa.

Ya ce, "Kai ta juji ka sa mata wuta."

Na ƙone ta a bayan gari. Ƙaurin gashi ya bi ni har gida. Ran nan ruwan wankan bai huce ba, da tafasarsa Inna ta sa na riƙa kwarara shi ƙarƙashin rumbu, tukunya bayan tukunya, sannan muka kwashe yashin muka zubo sabo daga rafi, muka gauraya da toka. Tabarmi duka aka fitar aka baza a kan dutse, rana ta gasa su.

Kwikwiyon ya dawo wurinsa ya tarar ba wurinsa ba ne. Ya zagaya rumbun, ya tona yashi, ya zagaya kuma. Na kawo masa tuwo da nono, ya kau da kai. Washegari ma haka. Ya daina ɗan haushin nan nasa. Sai ya je bakin ƙofar gida ya zauna yana fuskantar gabas, hanci a sama, iska tana kaɗa kunnensa. In na ɗauko shi ya koma. Na ɗaure shi da igiya, ya kwanta ya miƙe wuya a ƙasa, haƙarƙarinsa suka fara fitowa. Jikinsa dai tsaf, ko ƙuma ɗaya babu. Ina duba shi ina jin kamar mun share ɗaki ne don baƙon da ya riga ya yi sallama.

Na ga Inna ta ajiye masa romon kai a sakaina, abin da ba ta taɓa yi ba. Bai sha ba.

Ana gobe baƙi za su zo, Baba ya dawo daga gona da la'asar sakaliya, ya kwance walkinsa, wato fatar nan da manoma ke ɗaurawa a ƙugu, wadda ta sha guminsa shekara da shekaru har ta yi baƙi ta yi laushi kamar tsumma. Kullum a jikin rumbu yake rataye ta. Ran nan ƙusar ta kuɓuce masa, don bai gan ta sosai ba, walkin ya faɗi ƙasa. Ya tafi alwala da niyyar ya dawo ya ɗauka.

Ina zaune ina kallo. Kwikwiyon ya ɗaga kai. Ya ja jiki iyakar tsawon igiyarsa, ya miƙa wuya, ya kama bakin walkin da haƙori ya jawo shi. Ya daɗe yana shinshinawa, lungu-lungu, kamar mai karatu. Sai ya hau, ya zagaya, ya dunƙule.

Baba ya dawo, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, yana laluben walki a jikin rumbu.

"Baba, ga shi can. An riga ka."

Ya sunkuya ya duba. Ya miƙe.

"To. Ya zama nasa."

"Da me za ka yi noma, Malam?" in ji Inna daga bakin murhu.

"Akuya ba ta ƙare a duniya ba."

Kafin magariba ya lashe romon da ke sakainar, ya nemi ƙari.

Baƙi suka zo, mata cike da tsakar gida, da turamen atamfa da sabulai. Suka zauna a tabarmi tun hantsi har rana ta karkata, ana ta karɓar jaririya hannu zuwa hannu, ana kwance ta ana duba ta kamar yadda dangin uba suke yi. Ni ina zaure, ba abin da nake kallo ta ƙofa sai hannuwansu da ƙafafunsu. Wata gwaggon mijin ta kai hannu idon sawunta, na ɗauka susa za ta yi, ashe zanenta take gyarawa.

Da suka tafi Inna ta zo gindin rumbu ta tsaya, hannu a ƙugu. Ta sa na kwantar da shi na buɗe cikinsa, ta duba da kanta.

"Ya zauna," ta ce. "Amma walkin nan duk ranar da na shanya tabarmi shi ma sai ya sha rana ya sha duka. Kuma ba ni zan riƙa ɗauka ba."

"Ni zan ɗauka," in ji Baba.

Da safe muka tafi gona mu uku. Raɓa ta jiƙa mana ƙafa, kwikwiyon yana bin diddigen Baba, yana faɗawa cikin ciyawa yana fitowa. A rabin hanya ya gaji, na sa shi a kwando. Dawa ta sunkuyar da kai, ta fara ja. A can saman dutse birai suna zaune a jere, rana a bayansu, suna kallonmu kamar masu jiran a buɗe kasuwa. Na sauke shi a kan faffaɗan dutsen da rumfata take. Ya kafa ƙafafu ya yi musu ɗan haushinsa. Ko ɗaya bai motsa ba.

Baba ya tsaya a bakin gona, ya kare ido da hannu, ya nuna wajen da ƙasar ta gangara zuwa kwari.

"Ka ga can, inda ruwa yake kwanciya? Baɗi ba zan sa dawa a wurin ba. Shinkafa zan gwada."